Gyambon ciki: Cutar da ma'aikata ke reno shekara da shekaru alhali tana da magani

Da wuya a shiga wani ofishin gwamnati a Abuja ba a tarar da mai cewa yana da olsa ba. Wani yana ajiye kwalbar farin magani a aljihun tebur, wata ba ta rabuwa da biskit a jaka, wani kuwa ya yi sallama da yaji da tsami tun shekarun baya. Har ta kai ana ambaton cutar kamar wata tsohuwar abokiyar zama: yau ta tashi, gobe ta kwanta. Wannan lafazi kaɗai ya isa ya nuna yadda aka ɗauke ta, wato abin da ake lallaɓawa har ƙarshen rai ba tare da sa ran rabuwa da shi ba.

Idan aka tambayi dalili, amsar kusan ɗaya ce: yunwa da wahala. Wanda ya san rayuwar ma'aikacin da ke zaune a Karshi ba zai yi mamakin wannan amsa ba. Karshi, tsohon garin Gwandara da ke kan iyakar Babban Birnin Tarayya da Jihar Nasarawa, yana cikin garuruwan da tsadar haya a tsakiyar birni ta cika da ma'aikata. Mai son isa Sakatariyar Tarayya kafin ƙarfe takwas dole ya fito tun duku-duku, ya ratsa Orozo da Kurudu da Jikwoyi da Karu, ya haɗu da cunkoson da ke kwararowa daga Nyanya da Mararaba, sannan ya haura Kugbo zuwa AYA. Hanyar Apo zuwa Karshi, wadda aka yi fatan za ta rage wannan zagaye, an bayar da kwangilarta tun 2011, ta kuma shafe fiye da shekara goma ba a kammala ta ba. Karin kumallo yakan koma ƙarfe sha ɗaya, abincin rana ya koma la'asar. Direbobi da masu tsaron lafiyar manya da sauran hadimai kuwa sai maigida ya tashi daga taro suke tunawa da cikinsu.

Duk da haka, ilimin likitanci ya shafe shekara arba'in yana nuna cewa ɗora wa yunwa laifin gyambon ciki barin jaki ne ana dukan taiki. Abubuwa biyu ne ke haddasa mafi yawansa: wata ƙwayar cuta da ke zaune a tumbi, da magungunan kashe raɗaɗi da ake sha ba bisa ƙa'ida ba. Na farko ana kashe shi, na biyu ana daina shi, kuma gyambon ya warke.

Mene ne gyambon ciki?

Tumbin ɗan Adam yana fitar da ruwa mai asid, fiye da lita guda a kowace rana, domin narkar da abinci da kashe ƙwayoyin cutar da suka biyo shi. Kaifin wannan ruwa ya isa ya narkar da nama. Abin da ya hana shi cinye tumbin kansa shi ne wani yauƙi mai kauri da ya lulluɓe bangon ciki, da wani sinadari mai kashe kaifin asid da ke ƙarƙashin yauƙin, da kuma wadataccen jini da ke gyara duk inda ya ƙuje. Muddin wannan garkuwa na nan daram, asid ba ya cutarwa ko da mutum ya wuni bai ci komai ba.

Gyambo yana samuwa ne idan garkuwar ta yi rauni, asid ya sami kafa ya ƙwaƙule bangon ya bar miki. Wuri biyu yake fi zama: a cikin tumbi, ko a farkon ƙaramin hanji, inda abinci ke sauka idan ya bar tumbi. Alamar da aka fi sani ita ce zafi ko gurgura a ƙahon zuciya, tsakanin ƙirji da cibiya, wani lokaci tare da kumburin ciki, yawan gyatsa da tashin zuciya.

A nan ne asalin zargin da ake yi wa yunwa yake. Gyambon da ke farkon hanji yakan fi ciwo idan tumbi ya zama wayam, sa'o'i biyu ko uku bayan cin abinci ko cikin tsakar dare, saboda a lokacin asid ke sauka kan mikin babu abin da ya surka shi. Da mutum ya ci wani abu sai ciwon ya lafa. Wanda ya ga haka sau da yawa dole ya yi zaton yunwa ce ta jawo masa. Gaskiyar ita ce mikin yana nan tun farko, yunwa tono shi kawai take yi, kamar yadda gishiri ke sa rauni raɗaɗi alhali ba shi ya yi yankan ba. Gyambon da ke cikin tumbi kuwa sau da yawa akasin haka yake yi, cin abincin ne ke tayar da shi, har mai shi ya riƙa gudun abinci ya rame.

Yadda aka gano mai laifin

Su kansu likitocin duniya sun daɗe cikin wannan duhu. Kusan dukkan ƙarni na 20 an tafi a kan cewa yawan asid da damuwa da irin abinci ne tushen cutar. A 1915 wani likita a birnin Chicago na Amurka, Bertram Sippy, ya fito da tsarin bai wa majinyaci madara kowace sa'a, aka kuma bi wannan tsari shekaru da dama. Wanda abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai a yi masa tiyata, a yanke wani ɓangare na tumbinsa ko jijiyar da ke sa shi fitar da asid. A 1976 aka fito da maganin simetidin mai rage asid, daga baya omefirazol ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1980. Magungunan sun warkar da miki, amma da zarar an daina sha sai ya dawo ga mafi yawan mutane.

A 1979 wani likita mai binciken tsokar jiki a asibitin Royal Perth da ke Ostireliya, Robin Warren, ya lura da wasu ƙananan ƙwayoyin bakteriya masu lanƙwasa a jikin tsokar da aka gutsuro daga tumbin majinyata. A lokacin littattafan likitanci na koyar da cewa babu ƙwayar da za ta rayu cikin asid ɗin tumbi. Wani matashin likita, Barry Marshall, ya haɗa hannu da shi. Sun yi ta ƙoƙarin renon ƙwayar a ɗakin gwaji abin ya ci tura, sai a hutun Ista na 1982, da aka bar farantan gwajin suka kwana fiye da yadda aka saba, ƙwayar ta tsiro. Da manyan likitoci suka ƙi gaskata su, a 1984 Marshall ya ɗauki ruwan da ke cike da ƙwayar ya shanye. Cikin 'yan kwanaki ya fara amai, gwaji ya nuna bangon tumbinsa ya kumbura. Shekara goma bayan haka, a 1994, hukumar binciken lafiya ta Amurka ta amince a riƙa kashe ƙwayar ga duk mai gyambon da aka same ta a jikinsa. A 2005 aka bai wa mutanen biyu lambar yabo ta Nobel.

Sunan ƙwayar Helicobacter pylori. Dabararta ita ce tana fitar da wani sinadari da ke kashe kaifin asid a kewayenta, sannan ta kutsa cikin yauƙin da ke kare bangon tumbi ta yi zamanta. Zaman nata yana jawo kumburi na tsawon shekaru, garkuwa ta raunana, asid ya sami hanya.

Halin da ake ciki a Najeriya

Wannan ƙwaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Binciken da likita Holcombe da abokan aikinsa na Jami'ar Maiduguri suka wallafa a 1992 ya sami alamarta a jinin kashi 85 cikin 100 na mutanen da aka gwada, kuma yawancin yara sun kamu tun kafin su cika shekara 10. Wani babban nazari da aka wallafa a 2017, wanda ya tattara alƙaluman ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 4.4 ne ke ɗauke da ita a duniya a 2015, ya kuma sanya Najeriya a sahun farko da kashi 87.7 cikin 100, yayin da Suwizalan ke ƙasa da kashi 19.

Akan kamu da ita ne tun ƙuruciya, yawanci a cikin gida, ta hanyar yawu ko amai ko bayan gida da ya gurɓata hannu, abinci ko ruwan sha. Cunkoso a ɗaki, ƙarancin tsabtataccen ruwa da rashin kyakkyawan makewayi duk suna taimaka mata. Ke nan ma'aikacin da ya fara jin ciwo yana da shekara 40 a Karshi mai yiwuwa ya taho da ƙwayarsa tun daga gidan da ya tashi, a Funtuwa ko Lafiya ko Otukpo, tun bai san zai ga Abuja ba. Batun ya kuma shafi 'ya'yansa a yau, domin unguwanni da yawa a garuruwan gefen birni sun dogara ne da rijiyoyin burtsatse da 'yan ga-ruwa. Tafasa ko tace ruwan sha, wanke hannu da sabulu bayan fitowa daga bayi, da barin tauna wa jariri abinci kafin a ba shi, matakai ne masu arha da ke rage yaɗuwarta.

Waɗannan alƙaluma bai kamata su tayar da hankali fiye da kima ba. Mafi yawan masu ɗauke da ƙwayar suna gama rayuwarsu ba ta taɓa damun su ba. Kimanin mutum ɗaya zuwa biyu cikin goma ne ke samun gyambo, kuma 'yan kaɗan ƙwarai ne abin ke kai su ga sankarar tumbi. Sai dai wannan kaɗan ɗin ya isa ya sa cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ƙwayar cikin tabbatattun abubuwan da ke jawo sankara tun 1994. Shi ya sa idan mutum yana da ciwo, aka kuma same ta, ba a barin ta.

Maganin gajiya, mai laifi na biyu

Mai laifi na biyu da kuɗinmu muke sayo shi. Wanda ya wuni a zaune a ofis, ya shafe sa'o'i a matse cikin mota, ya iso gida da ciwon baya da ciwon gaɓoɓi, sau da yawa kemis yake fara tsayawa ya ce a haɗa masa maganin gajiya. A cikin ƙullin da za a miƙo masa akwai yiwuwar samun diklofenak ko ibufurofen ko firoksikam, wani lokaci biyu daga cikinsu a haɗe. Garin Alabukun da aka saba da shi shi ma asfirin ne da kafeyin a cikinsa. Dukkansu dangi ɗaya ne, kuma hanyar da suke bi su kashe raɗaɗi ita ce hanyar da suke rage sinadarin da ke sa tumbi yin yauƙin da ke kare shi. Saboda haka illarsu ba ta tsaya ga shan su da yunwa ba. Ko bayan cin abinci aka sha, ko allura aka yi, suna bi ta jini su raunana garkuwar.

Haɗarin yana ƙaruwa ga wanda ya manyanta, da wanda ya taɓa yin gyambo, da mai shan biyu a lokaci guda, da mai haɗa su da magunguna irin su deksametazon da furednisolon ko masu tsinka jini. Idan ga ƙwayar a tumbi, ga kuma waɗannan magunguna, abin ya zama goma da ashirin. Mafi muni, tunda aikinsu kashe raɗaɗi ne, sukan ɓoye ciwon gyambon da suke haƙawa, har sai ranar da jini ya ɓalle.

Ga ciwon kai da ciwon jiki na yau da kullum, farasitamol bisa adadin da aka ƙayyade ya fi sauƙi ga tumbi. Wanda likita ya ɗora a kan ƙaramin asfirin saboda zuciya ko shanyewar ɓarin jiki kuwa kada ya daina da kansa, ya koma wurin likitan, domin akwai maganin kare tumbi da ake haɗawa da shi.

Sauran abubuwan da ake zargi suna da nasu matsayi. Taba tana hana miki warkewa tana kuma sa shi dawowa. Giya tana ƙuje bangon tumbi. Barkono, goro, kofi da lemon ƙara kuzari suna tayar wa wasu da ciwo, amma ba a tabbatar suna haƙa gyambo a tumbi mai lafiya ba. Damuwa da rashin barci suna tsananta ciwon, suna kuma tura mutum ga taba da magungunan gajiya.

Ba kowane zafin ciki ne olsa ba

Babbar matsalar ita ce mutane da yawa da ke cewa suna da olsa babu wanda ya taɓa ganin gyambon. Mai kemis ne ya faɗa, ko abokin aiki, ko kuma mutum ya yanke wa kansa hukunci. Idan aka leƙa cikin masu kukan zafin ƙahon zuciya, mafi yawansu ba a samun miki. Wasu ƙwannafi ne, wato asid da ke haurowa maƙogwaro. Wasu kumburin bangon tumbi ne, wasu kuwa tumbin ne mai saurin jin zafi ba tare da wani rauni ba. Tsakuwar matsarmama da ciwon hanta su ma sukan yi kama da olsa, haka ma sankarar tumbi a farkonta.

Akwai guda da ya wajaba hadiman manya su riƙe da kyau. Bugun zuciya yakan zo da siffar olsa, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga. Idan maigida ko abokin aiki ya yi kukan nauyi ko zafi a ƙirji ko ƙahon zuciya, tare da gumi, sarƙewar numfashi, ko ciwon da ke tafiya kafaɗa, hannun hagu ko muƙamuƙi, lokacin aika direba sayo farin magani ya wuce. Asibiti za a nufa nan take a auna zuciya.

Hanyoyin tantancewa uku ne sanannu. Akwai gwajin bayan gida da gwajin numfashi, waɗanda ke nuna ko ƙwayar tana raye a tumbi yanzu. Akwai kuma leƙa ciki, wanda likitoci ke kira endoskofi, inda ake zura siririn bututu mai kyamara ta baki a ga bangon tumbi ido da ido, a gutsuro ɗan tsoka a bincika. Shi ne ke tabbatar da gyambo, kuma yakan ɗauki 'yan mintuna ne kawai. Gwajin jini da ya fi yawa a ƙananan ɗakunan gwaji yana nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar ne kurum, yana iya ci gaba da nuna haka ko bayan an kashe ta, don haka ba a auna warkewa da shi. Hoton sikanin ciki kuma yana da amfani wajen duba hanta da matsarmama, amma ba shi ne ke nuna gyambo ba.

Wani abu da ake yawan mantawa shi ne omefirazol da danginsa suna ɓoye ƙwayar daga gwajin bayan gida da na numfashi. Ana so a dakatar da su mako biyu kafin gwaji, magungunan antibayotik kuwa mako huɗu, bisa shawarar likita. Wanda ya sha da safe ya je gwaji da rana yana iya karɓo sakamakon da ya wanke shi alhali ƙwayar na nan.

Yadda ake maganinsa

Idan an tabbatar da ƙwayar, magani haɗi ne na kwana 14 a mafi yawan ƙa'idojin yau: maganin rage asid irin omefirazol, tare da aƙalla antibayotik biyu. Haɗin da aka fi sani shi ne amoksisilin da kilaritromaisin. Akwai kuma mai magani huɗu, wanda ya ƙunshi bismut da tetirasaikilin da metronidazol, wanda aka fi sani da Flagyl. Likita ne ke zaɓa, bayan ya tambayi irin magungunan da mutum ya sha a baya, ko jikinsa na ƙin fenisilin, ko mace tana da juna biyu. Bayan haka akan ci gaba da maganin rage asid har mako huɗu zuwa takwas idan mikin ya buƙaci haka. An fi son a sha shi kimanin rabin sa'a kafin cin abinci.

Ribar tana da girma. Idan an warkar da miki aka bar ƙwayar, fiye da rabin majinyata gyambonsu yana dawowa cikin shekara guda. Idan an kashe ta, masu dawowar ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Inda ake tuntuɓe shi ne wajen kammalawa. Magungunan suna da yawa, sukan sa ɗacin baki, tashin zuciya ko gudawa, kuma ciwon yakan lafa cikin kwana uku ko huɗu. Mutum sai ya ajiye sauran, ko kuma dama na kwana biyar aljihunsa ya iya saya. Wannan kashe maciji ne ba a sare kansa ba. Ƙwayoyin da suka tsira su ne masu taurin kai, kuma karo na biyu ya fi na farko wuya da tsada. Tuni bincike a sassan Najeriya ya nuna ƙwayar ta bijire wa metronidazol ƙwarai, abin da ba ya rasa nasaba da yadda ake shan sa kan kowace gudawa. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya nau'inta mai bijire wa kilaritromaisin cikin jerin ƙwayoyin da ake buƙatar sababbin magunguna a kansu. Saboda haka a sayi maganin cikakke tun farko, a kantin da ke da ƙwararren mai harhaɗa magunguna, a duba lambar NAFDAC, a kuma shanye shi kaf.

Mataki na ƙarshe shi ne komawa gwajin bayan gida ko na numfashi bayan aƙalla mako huɗu da gama magani, domin a tabbatar ƙwayar ta mutu. Wanda aka ga gyambonsa a cikin tumbi ne akan sake leƙawa bayan mako shida zuwa takwas, saboda wani lokaci sankara na ɓuya a bayan irin wannan miki.

Magungunan gida kuwa a san iyakarsu. Madara da nono suna sanyaya ciki na ɗan lokaci, daga baya su sa tumbi ƙara fitar da asid. Jiƙon kanwa yana kashe kaifin asid nan take, amma yana ɗauke da gishiri mai yawa wanda bai dace da mai hawan jini ko ciwon ƙoda ba. Farin maganin kwalba shi ma sauƙi yake kawowa na 'yan sa'o'i. Babu ɗaya cikinsu da ke kashe ƙwayar. Haka nan shan omefirazol shekara da shekaru ba tare da likita na dubawa ba yana iya rufe alamar wata cuta da ke girma a ɓoye.

Alamomin da ba a kwana da su

Gyambon da aka yi sakaci da shi yana iya cin jijiya jini ya ɓalle, ko ya huda bangon ciki, ko tabonsa ya toshe mafitar tumbi. Aman jini ko aman da ya yi kama da dusar kofi, baƙin bayan gida mai danƙo da wari kamar kwalta, jiri ko suma, duk alamun zubar jini ne. Maganin ƙarin jini da bismut su ma suna baƙanta bayan gida, amma likita ne zai bambance. Ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ciki ya sandare kamar katako, alamar hujewa ce, kuma tiyatar gaggawa take buƙata, domin kowace sa'a da ta wuce tana ƙara haɗarin rasa rai. A irin wannan hali kada a ba majinyaci abinci ko abin sha, kada a jira gari ya waye ko cunkoso ya ragu, asibiti mafi kusa za a fara kai shi.

Akwai kuma alamun da ba na gaggawar dare ba ne, amma suna buƙatar a leƙa ciki ba tare da jinkiri ba: rama babu dalili, wahalar haɗiye abinci, amai mai nacewa, ƙarancin jini, saurin ƙoshi, da ciwon da ya fara sabo ga wanda ya haura shekara 50 ko wanda wani a danginsa ya yi sankarar tumbi.

Abinci, azumi da hanyar asibiti

Mai gyambo ba ya buƙatar doguwar takardar haramce-haramce. Ya lura da abin da ke tayar masa da ciwo ya rage shi har ya warke, ya daina taba, ya guji kwanciya da zarar ya cika ciki da dare. Ɗaukar ɗan abinci daga gida yana rage raɗaɗin safiya, duk da cewa shi kaɗai ba ya warkarwa. Masu azumi, na Ramadan ko na Lent, ya fi kyau su nemi gwaji da magani wata biyu kafin lokacin, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda gyambonsa ke ɗanye ko ya taɓa zubar da jini kwanan nan ya tuntuɓi likita tukuna, addini kuma ya yi wa marar lafiya rangwame.

Ma'aikacin tarayya yana da wata dama da mafi yawan maƙwabtansa ba su da ita, wato inshorar lafiya ƙarƙashin hukumar NHIA, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin NHIS. Hanyar ita ce a fara da asibitin da aka yi rajista, ko Babban Asibitin Karshi da takwarorinsa na Nyanya da Asokoro, a nemi gwajin ƙwayar. Idan likita ya ga buƙatar leƙa ciki, sai ya rubuta takardar turawa zuwa inda ƙwararrun ciki suke, irin su Asibitin Ƙasa da ke tsakiyar birni ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada. Yana da kyau a tambayi kamfanin inshora tun da wuri abin da tsarin ya ɗauke da abin da za a biya daga aljihu. Wanda ya zaɓi asibiti a cikin birni alhali iyalinsa na Karshi yana iya neman a sauya masa zuwa na kusa da gida.

Nauyin bai tsaya kan ma'aikaci shi kaɗai ba. Shugaban sashe da ya ba ƙaramin ma'aikaci yini guda ya je gwaji ya rage wa ofishinsa asarar makonnin jinya. Maigidan da ya tuna cewa direbansa da ɗan sandan da ke ƙofa ba su ci komai ba tun safe ya rage musu wahala ta gaske. Mahukuntan birnin tarayya kuwa, ruwan famfo mai tsabta a garuruwan gefen birni shi ne rigakafin da zai hana yaran yau gadon ƙwayar iyayensu.

Ga wanda ya shekara biyar ko goma yana cewa olsarsa ta tashi, tambayoyi uku ne ya kamata ya kai wa likita a wannan wata: shin gyambo ne da gaske, shin ƙwayar tana tumbina, kuma cikin magungunan da nake sha akwai mai cin ciki? Amsoshinsu sun fi kwalbar da ke aljihun tebur arha idan aka lissafa shekaru, kuma ga mutane da yawa su ne farkon rabuwa da cutar baki ɗaya.